Babi na Bakwai: Watan da Sadaukai Suka Yi Gum

Fitowa ta 21 ta mujallar G.I. Joe, wadda kamfanin Marvel ya buga da kwanan watan Maris 1984, ta haifar da wata jita-jita da ta yi shekaru tana yawo a bakin masu karatun komik a Amurka. Wai kuskure aka yi a maɗaba'a, aka manta ba a zuba kalaman ba, aka buga zane tsura. Masu zargin suna da hujjarsu. Yaro ya miƙa senti 60 ɗinsa, ya buɗe mujalla, ya tarar da shafi 22 babu wanda ya ce uffan. Babu kumfar magana a kan kowa, babu akwatin mai ba da labari a saman zane, babu ko irin manyan haruffan nan da ake rubuta ƙarar bindiga ko ta naushi da su.

Larry Hama, wanda ya tsara labarin kuma ya yi zanen farko da hannunsa kafin Steve Leialoha ya ƙarasa, ya sha musanta wannan magana. Ya ce da gangan ya yi. Ya daɗe yana son ya gwada ko za a iya ba da cikakken labari ba tare da kalma ba, sai ga shi lokaci ya ƙure musu a wannan watan, kuma tsallake teburin mai rubuta haruffa zai rage musu kwanaki. Buƙata da sha'awa suka haɗu.

Sai mutum ya san irin surutun da sadaukan komik suke da shi a lokacin kafin ya gane girman kasadar. Tun fitowar Superman a 1938, sadauki ba ya kai duka sai da bayani. A shekarun 1960 Stan Lee ya mayar da yawan magana alamar gidan Marvel: Spider-Man yana tsakiyar faɗa yana zolayar abokin gabarsa, mugu yana bayyana shirinsa dalla-dalla, mai ba da labari yana tsoma baki daga sama. Chris Claremont, wanda ya riƙe X-Men daga 1975 zuwa 1991, yakan cika shafi da tunanin zuci har zanen ya rasa wurin numfashi. Ga kuma aƙidar babban editan Marvel na wancan zamani, Jim Shooter, cewa kowace fitowa ita ce ta farko a hannun wani mai karatu, saboda haka dole a sake gaya masa sunan kowa da irin baiwarsa. A cikin wannan hayaniya Hama ya fito da shirunsa.

Labarin kansa gajere ne. Wani mayaƙi cikin fararen kaya irin na ninja, Storm Shadow, wanda a nan aka fara ganinsa, ya sato Scarlett, 'yar ƙungiyar G.I. Joe, ya sauka da ita a wata ganuwa a kan duwatsu. Abokin aikinta Snake Eyes ya diro da lema daga jirgin sama cikin dare don ya ƙwato ta. A wani ɗaki Destro, ɗaya daga cikin mugayen labarin, yana zaune gaban allon dara, 'ya'yan darar kuwa siffofin mutanen labarin ne, ya ɗauki siffar matar da yake so yana juya ta a hannu. Ba a gaya maka yana kewarta ba. Ka gani. Scarlett kuma ba ta zauna jiran mai ceto ba, ta zare abin ɗaure gashinta ta buɗe sarƙar da aka ɗaure ta da ita, ta saci abin tashi, a ƙarshe ma ita ta ɗauke wanda ya zo cetonta. Akwai wurin da wani ninja ya tsaya yana wulwula makamansa don ya tsorata Snake Eyes, shi kuwa ya sakar masa gurneti ya wuce. Barkwanci ne cikakke, da an sa masa kalma ɗaya da ya lalace.

Shafin ƙarshe shi ne dalilin da ya sa har yau ake maganar wannan fitowa. Hannun rigar Snake Eyes ya yage a faɗa, sai ga wani jan zane a fatar hannunsa, layuka shida, wasu a miƙe wasu a tsinke, irin na tsohon littafin duba na ƙasar Sin. A ƙasa, ƙyallen da Storm Shadow ya naɗe hannunsa da shi ya warware, ga zanen nan iri ɗaya sak. Babu kibiya mai nuni, babu wanda ya yi mamaki da babbar murya. Idon mai karatu ne ya tashi daga wannan hannu zuwa wancan, shi ya haɗa su, shi ya gano cewa maƙiyan nan biyu gida ɗaya suka fito. Sai a fitowa ta 26 da ta 27 aka warware yadda abin yake. Abin da mutum ya tono da kansa ya fi zama masa a rai fiye da wanda aka ɗura masa, kuma wannan ita ce babbar ribar komik marar kalma.

Amma a lura da wanda Hama ya zaɓa. Snake Eyes bebe ne a cikin labarin tun asali, haɗarin jirgi mai saukar ungulu ya lalata masa fuska da murya, kullum fuskarsa a rufe. Aikin da ya je yi na sanɗa ne, cikin dare, tsakanin mutanen da sana'arsu ita ce kada a ji motsinsu. Shirun daga cikin labarin ya tsiro. Wannan batu zai dawo mana, domin a kansa ne yawancin masu kwaikwayo suka yi tuntuɓe.

Ba Hama ne ya fara ba, ko kusa. Frans Masereel ɗan Beljiyam ya buga littattafan zane marasa kalma tun 1918 da 1919, Lynd Ward ya yi nasa a Amurka a 1929, Moebius ya girgiza Faransa da Arzach a 1975. Ko a gidan Marvel, Jim Steranko ya buɗe fitowar farko ta Nick Fury a 1968 da shafi uku babu magana, kuma ya sha ba da labarin yadda aka so a hana shi kuɗin rubutu na waɗannan shafuka, tunda a ganin masu biya babu abin da ya rubuta. Wannan rigima ta kuɗi ta tona wani abu da masu karatu da yawa ba su lura da shi ba. A sana'ar komik ta Amurka aiki a rarrabe yake: marubuci, mai zanen fensir, mai bi da tawada, mai saka launi, mai rubuta haruffa. Idan aka ce marubuci, mutane suna zaton shi ne mai ƙirƙiro abin da ke cikin kumfar magana kawai. Alhali babban aikinsa shi ne yanke shawarar abin da za a nuna a kowane akwati, da abin da za a bari a farin filin da ke tsakanin akwati da akwati. Scott McCloud, a littafinsa na 1993 kan yadda komik ke aiki, ya yi dogon bayani a kan wannan farin fili, inda ƙwaƙwalwar mai karatu take cike giɓin abin da ya faru tsakanin zane biyu. Idan aka cire kalmomi, duk nauyin labari ya koma kan wannan giɓi da kan mai zane.

Nan ne kuma asirin mai zane yake tonuwa. Kumfar magana tana rufa asiri ƙwarai. Mai zane ya kasa nuna cewa mutum yana jin tsoro, sai marubuci ya sa masa kalmar da ke cewa yana jin tsoro. An zana faɗa a hargitse ba a gane wa ya bugi wa, sai akwatin bayani ya gyara. A fitowa marar kalma babu wannan mayafi. Dole kafaɗa ta faɗi abin da baki zai faɗa, dole a san inda ƙofa take da inda taga take, dole idan mutum ya fita ta dama a wannan akwati ya shigo ta inda hankali zai yarda a na gaba.

Inda wannan salo ya fi cin nasara a komik na sadaukai shi ne makoki. A 2011, bayan mutuwar Johnny Storm, ɗaya daga cikin sadaukan mujallar, Jonathan Hickman da Nick Dragotta sun ba da kusan dukan fitowa ta 588 ta Fantastic Four ga wata guda na juyayi babu magana. Amma wadda na fi ganin ta kai maƙura ita ce fitowa ta 18 ta Batman and Robin, ta kamfanin DC, a watan Maris 2013, aikin Peter Tomasi da Patrick Gleason. Damian Wayne, ɗan Batman na cikinsa, yaro ɗan shekara goma wanda yake sanye da kayan Robin, mataimakin Batman, an kashe shi a wata mujalla dabam makonni biyu kafin nan. Wannan fitowa ita ce daren uban.

Bruce Wayne, wato Batman, yana zaune a ɗakin yaron, ga gado a gyare, ga littafin zane-zanen da yaron yake yi a ɓoye. Alfred, dattijon da ya rene shi, ya tsaya gaban hoton iyali da mai fenti bai ƙarasa ba, hawaye na zuba. Bruce ya sauka kogonsa, ya ga kamar yaron yana gefensa, ya waiga babu kowa. Ya shiga mota, kujerar gefe wayam. Daga nan ya fantsama cikin birnin Gotham yana dukan duk wani mai laifi da ya ci karo da shi, har ya tara su tuli guda ya bar wa Kwamishina Gordon a kan rufin hedikwatar 'yan sanda. Wannan tulin mutane shi ne kukansa. Batman mutum ne da aka gina a kan rashin iya faɗin abin da ke zuciyarsa, to me za a sa masa a baki a irin wannan dare wanda ba zai zama ƙarya ba? Duk jimlar da Tomasi zai rubuta, ko ta yi zaƙi da yawa ko ta yi ƙanƙanta. Ya bar ta.

Sai dai ko shi bai iya kaiwa ƙarshe hannu rabbana ba. A shafukan ƙarshe Bruce ya tarar da wasiƙar da Damian ya bari a ma'ajiyar kayansa, kuma an nuna mana rubutun mun karanta. Bayan ita ne ya farfasa abin da ke gabansa, ya rungume kayan Robin da babu kowa a ciki. Wasu za su ce an karya doka. Ni ina ganin wasiƙar ta samu ƙarfinta ne daga shafukan shirun da suka gabace ta. Bayan doguwar yunwar kalma, muryar da ta fara shiga kunnen mai karatu ita ce ta mamacin. John Byrne da Jim Aparo sun yi irin wannan dabara tun 1989 a fitowa ta 433 ta Batman, inda kalma biyu rak aka furta a dukan mujallar, daga bakin Gordon, a ɗakin ajiye gawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Miƙa wannan fitowa ta 18 ga wanda bai taɓa karanta Batman ba, me zai gani? Wani attajiri a babban gida yana baƙin ciki, ya sa kayan jemage ya fita ya doki mutane. Bai san cewa yaron ya taso a hannun makasa ba, bai san fitowa goma sha bakwai da aka yi ana fama tsakanin uba mai taurin kai da ɗa mai girman kai kafin su fara fahimtar juna ba. Shirun yana cin bashi ne daga maganganun da aka riga aka yi. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, amma ga wanda ya san abin da ake ciki.

Shi ya sa nake ɗari-ɗari da iƙirarin da ake yawan yi cewa komik marar kalma ya tsallake shingen harshe, kowa a duniya zai karanta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Iyayenmu a Kano da Zariya da Jos sun yi shekaru suna cika gidajen sinima suna kallon fim ɗin Indiya ba su jin Indiyanci, tun kafin zamanin fassara, kuma su fito su ba ka labarin tiryan-tiryan. Amma sun iya hakan ne domin sun kalli da yawa har sun haddace ƙa'idar: sun san bos daga gashin bakinsa, sun san idan aka raba 'yan'uwa suna yara za su haɗu da girma. Komik ma yana da irin wannan ƙa'ida da sai an koya. Daga wane gefe ake fara bin akwatuna, hagu ko dama, tunda na Japan daga dama suke farawa? Sauyin launi yana nufin an koma baya ne ko mafarki ake? Layukan da ke bayan mutum gudu ne ko iska? Wanda bai saba ba, kalmomi ne sandarsa, kuma su aka ɗauke.

Gwaji mafi girma, kuma wanda ya fi fito da illar abin, Marvel ce ta yi shi a ƙarshen 2001, zamanin da Joe Quesada yake babban edita, Bill Jemas yake shugabancin kamfanin. Aka ba da umarni cewa manyan mujallun gidan su fito babu magana a wata guda, aka sa wa shirin suna 'Nuff Said. Abin da Hama ya yi don labarinsa ya nema, yanzu ya zama doka daga ofis, ko labarinka ya nema ko bai nema ba.

Wasu sun ci riba. Grant Morrison da Frank Quitely, a fitowa ta 121 ta New X-Men, sun tura Jean Grey da Emma Frost cikin ƙwaƙwalwar Farfesa Xavier, duniyar da dama ba ta kalmomi ba ce, ta alamu ce da mafarkai. A can suka ga Xavier tun yana cikin mahaifa yana ƙoƙarin hallaka 'yar'uwar tagwaicinsa, Cassandra Nova. Sun nemo wa shirun dalili, sai ya zauna daram, har Jonathan Hickman da Russell Dauterman suka sake bin sawunsa a 2020. Wasu kuwa umarnin ya same su a tsakiyar dogon labari. Kurt Busiek yana cikin ba da labarin yaƙin wani mugu mai suna Kang da duniya a Avengers, fitowa ta 49 ta faɗo a watan, kuma a cikinta ne aka ragargaza birnin Washinton aka sa hannu a takardar miƙa wuya. Rugujewar birni ta dace da shiru, balle ga masu karatun da 'yan watanni kacal suka wuce da harin 11 ga Satumba. Amma miƙa wuyar duniya gaba ɗaya abu ne na muhawara da gardama, kuma mai karatun da ya bi labarin wata da watanni yana da haƙƙin ya ji abin da aka ce.

Sai kuma masu zagaye doka. A fitowa ta 39 ta Amazing Spider-Man, J. Michael Straczynski da John Romita ƙarami sun zaunar da Anti May gaban kwamfuta tana rubuta wa jaridu wasiƙu don kare Spider-Man, bayan ta gano cewa Peter ɗin da ta rena ne. Fitowar tana da daɗi, amma karatu ake yi, an dai ɗauke kalmomin daga kumfa an mayar da su kan allo. Da zarar ka ga fitowa marar magana ta cika da kanun jaridu da allunan kan titi da takardun da aka manna a bango, ka san labarin yana son magana, hana shi aka yi. Kamfanin da kansa ya nuna bai gama yarda da gwajin ba, domin a bayan mujallun an buga wani sashe na rubutun da marubuci ya ba mai zane, ko don a cike shafi, ko don wanda ya ɓace a hanya ya samu mai yi masa jagora.

Akwai kuma maganar aljihu, wadda masu sharhi kan raina amma mai saye ba ya rainawa. A 2013 dala 2.99 ake sayar da shafi 20, kuma sai an jira wata guda kafin na gaba. Idon mai karatu ya saba da tsayawa inda rubutu yake, rubutun ne birkinsa. Babu shi, sai ya zarce, ya kai bango cikin 'yan mintoci ya ji kamar an cuce shi. Masu kare salon sukan ce laifinsa ne, ya koma ya duba a hankali. Gaskiya ne fitowa mai kyau tana biyan wanda ya sake dubawa. Amma ba kowace ce mai kyau ba, kuma shafi 20 na naushi da tsalle babu kalma ba su da abin da za a koma a tarar. Byrne ma ya taɓa juya abin a 1984, a fitowa ta 6 ta Alpha Flight: faɗa a cikin guguwar ƙanƙara, shafuka da dama farare fat, kalmomi kawai babu zane. Wancan ya cire rabin komik, wannan ya cire ɗaya rabin, kuma a duka biyun mai saye yana da damar tambaya ko an ba shi cikakken abin da ya biya.

A ganina waɗanda suka fi kowa fahimtar darasin su ne Matt Fraction da David Aja a Hawkeye, domin ba su ɗauki shiru a matsayin gasar nuna bajinta ba. Fitowa ta 11, a 2013, an ba da ita ne ta idon karen Hawkeye mai suna Lucky. Mutane suna magana, amma kumfarsu cike take da zane-zanen banza, sai 'yan kalmomin da kare ya sani ne kaɗai suke fitowa sarai. Kowane maƙwabci a benen an kewaye shi da ƙananan alamun ƙamshi da warin da karen ya san shi da su, kuma da hanci yake bin sawun wanda ya yi kisa a kan rufin gidan. Ta ci kyautar Eisner ta fitowa mafi kyau a 2014. A fitowa ta 19 kuma, bayan an kurmantar da Hawkeye, kumfar maganar mutane ta koma fanko, shi da wansa Barney suna zance da yaren hannu na kuramen Amurka, kuma ba a fassara wa mai karatu ba. Wanda bai iya yaren ba sai ya tsinci kansa a waje yana leƙe, yana kama rabi yana rasa rabi, wato dai halin da kurma yake ciki kullum a tsakanin masu ji. A nan rashin fahimtar mai karatu, wanda a wasu wurare aibi ne, shi ne ainihin abin da ake son ya ɗanɗana.

Ga wanda yake son ya gwada da kansa, kada ya fara da fitowar shirun, ko da ita aka fi yabo. Ya nemi Batman and Robin na Tomasi da Gleason ya karanta daga ta 1 zuwa ta 17, sannan ya buɗe ta 18. Idan G.I. Joe ce ta fara zuwa hannunsa, wannan zai iya shiga kai tsaye, sai dai ya tanadi ta 26 da ta 27 a kusa, domin zai neme su.